Numfashin bakwaini: tambayoyin da suka fi tambayar kwalba

Maganarmu ta yau a kan bakwaini ce, kuma da ku nake, iyaye da kakanni na Bagega da ƙauyukan da ke zagaye da ita, har zuwa Anka da Bukkuyum da Gummi.

Duk inda aka ce mace ta sauka kafin watanninta su cika, tambayar farko da dangi ke yi ba ta wuce ɗaya: akwai kwalba a asibitin? In aka ce akwai, hankali ya kwanta. In aka ce babu, sai jiki ya yi sanyi, wani lokaci ma a naɗe jaririn a koma gida a zauna jiran hukuncin Allah. Masu kawo gudummawa sun gane haka, shi ya sa kwalba ce suka fi son a ɗauke su hoto a gefenta. Aikina harhaɗa magunguna ne a asibiti, kuma daga tagar ɗakin magani ana ganin abin da ake rubuta wa waɗannan jarirai, ana kuma ganin abin da ake nema a rasa. Ra'ayina shi ne mun ɗora wa kwalba nauyin da ba nata ba. Ɗumi take bayarwa, ɗumi kuwa ƙirjin uwa ma yana bayarwa. Babban abin da ke ɗauke bakwaini a kwanakinsa na farko shi ne numfashi, kwalba kuwa ba ta numfasa wa kowa.

A lissafin asibiti, duk jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 bakwaini ne, ko a wata na bakwai ya zo ko a na takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irinsu miliyan 13.4 a duniya, Nijeriya kuma ita ce ta uku a yawa, bayan Indiya da Pakistan, da kusan 774,000. Bari in ratsa a nan in taɓa wani zance da ake yi a gidaje, wai ɗan wata bakwai ya fi ɗan wata takwas rayuwa. Zancen ba shi da tushe. Kowane mako ɗaya da jariri ya ƙara a cikin uwarsa riba ne ga huhunsa, kuma na sha jin an saki jiki da ɗan wata takwas saboda an riga an yanke masa ƙauna.

Ga yadda abin yake. Huhu ba jaka ɗaya ba ce. Cike yake da 'yan ƙananan jakunkuna masu ɗimbin yawa, a cikinsu iska ke haɗuwa da jini. Ku dubi ledar ruwa da aka shanye: ɓangarorinta biyu sukan manne saboda damshi, sai an yi da gaske kafin a hura ta ta buɗe. Haka jakunkunan huhu za su yi ta mannewa bayan kowane numfashi, ba don wani ruwa mai santsi da huhu ke yi wa kansa ba, wanda likitoci ke kira safaktan. Wannan ruwa ba ya wadata sai ciki ya kai wajen mako 34 zuwa 35. Jaririn da ya zo kafin nan, duk numfashin da zai ja sai ya ɓamɓare huhunsa daga farko, da ƙirjin da ƙashinsa bai gama ƙwari ba. Za ku ga yana numfashi da sauri, fiye da sau 60 a minti ɗaya, ƙofofin hancinsa na buɗewa, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, leɓensa da harshensa suna sauya launi. Za ku kuma ji yana wani ɗan nishi duk lokacin da zai fitar da iska. Kakanni kan ce barci yake yi mai daɗi. Ba barci ba ne. Maƙogwaronsa yake tsukewa don ya riƙe sauran iska a ciki, kada huhun ya rufe gaba ɗaya. Yaro ne ke kokawa, kuma ƙarfinsa na iya ƙarewa cikin awoyi.

Kada wani ya ɗauka cutar talaka ce tun asali. A watan Agusta na 1963 ita ce ta kashe jaririn shugaban Amurka John Kennedy, kwana biyu bai cika ba a duniya, duk da manyan likitocin ƙasar suna kansa. Abin da ya sauya labarin bayan shekaru kaɗan dabara ce mai sauƙi, kuma daga nishin nan aka koyo ta. A 1971 wani likita a San Faransisko, George Gregory, ya nuna cewa in aka riƙa tura wa jariri iska mai ɗan matsi ba yankewa, huhunsa zai zauna a buɗe, shi kuma ya ci gaba da numfashi da kansa ba tare da wahalar farko ba. A asibiti za ku ji ana kiran na'urar CPAP. Ni na fi son in kira irin wadda ta dace da mu na'urar kumfa, don kumfar ce za ku gani da idonku.

Iska na shiga hancin jariri ta 'yan gajerun bututu biyu masu laushi. Bututun da iskar ke fita ta cikinsa kuma sai a tsoma bakinsa cikin gorar ruwa mai tsabta. Zurfin da aka tsoma shi ne ke yanke ƙarfin matsin, yawanci ana farawa da santimita 5. Shi ke nan. Ruwan zai yi ta ɓulɓula, kuma muddin yana ɓulɓula, matsin na isa huhu. Wannan aiki ne da ke ma, 'yar uwa mai jinya, za ki iya taya nas da shi: in kika ga kumfa ta tsaya, ko bututun ya zame daga hanci, ko majina ta toshe, ko cikin yaron ya kumbura, kira ta nan take, kada ki ce za ki jira ta gama zagaye.

An gwada wannan a wurare masu kama da namu. A asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Blantyre a Malawi, likitocin yara da ɗaliban injiniya na jami'ar Rice ta Amurka sun ƙera mai araha, suka sa mata suna Pumani. A sakamakon da suka fitar a 2014, kashi 71 cikin ɗari na jariran da aka sa wa na'urar sun rayu, waɗanda aka ba iskar oksijin kaɗai kuwa kashi 44. Jarirai 87 ne kacal a binciken, don haka ba a kansa kaɗai za a rataya komai ba, amma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ita ce a sa wa bakwaini mai alamun wahalar numfashi wannan na'ura, kuma ta fifita mai kumfa. A gida ma ba a zauna ba. Likitocin yara a Asibitin Ƙasa na Abuja sun daɗe da nuna yadda ake haɗa ta da bututun oksijin na yau da kullum da gorar ruwa. A 2023 kuma Farfesa Hippolite Amadi ya ci babbar kyautar kimiyya ta Nijeriya da kamfanin iskar gas na NLNG ke bayarwa, saboda na'urorin numfashin jarirai da ya ƙera masu aiki da hasken rana.

To ina matsalar? Matsala ta farko ita ce iskar kanta. Oksijin magani ne, yana da ƙa'ida kamar kowane magani da ke kan kantata. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ce oksijin. Ta cikin tukunyar ƙarfe kuwa kusan zalla ce. In ta yi wa bakwaini yawa na kwanaki, tana lalata jijiyoyin jinin da ke bayan idonsa, waɗanda su ma ba su gama tsirowa ba. A shekarun 1940 da 1950 dubban jarirai sun makance ta haka a Amurka da Turai kafin a gano dalili. Mawaƙin nan Stevie Wonder yana cikinsu. Na'urar kumfa ta haɗin gida, wadda ake jonawa kai-tsaye da tukunya, zallar oksijin take turawa. Ban ce a jefar da ita ba. In yaro na shiɗewa kuma ita kaɗai ke akwai, da babu gara ba daɗi. Amma asibitin da ya tsaya a kanta shekara da shekaru, bai nemi na'urar da ke gauraya oksijin da iskar gari ba, yana ceton rai yana caca da ido.

Saboda haka tambayar da nake so ku koya ita ce: an auna iskar jininsa? Akwai wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a tafin ƙafa ko hannun jariri, tana nuna lamba. Ga bakwainin da ke kan oksijin, ana son lambar ta zauna tsakanin 90 da 95. In ta sauka, a ƙara. In ta kai 99 ko 100 ta zauna, ba abin murna ba ne, ragewa ake yi. Kuma don Allah, malam maigida, kada ka murɗa makunnin iskar da hannunka don ka ga nas ta fita, wai ka ƙara wa ɗanka. Akwai kuma kishiyar wannan, masu cewa da zarar an sa wa mutum iska to ya gama. Abin da ya jawo zancen a fili yake: da can ba a fito da tukunyar sai ga wanda ya riga ya kai gargara, sai mutane suka haɗa ta da mutuwa. Ga jariri, sa ta da wuri shi ne amfaninta. Haka bututun da ake zurawa ta hanci ko baki zuwa ciki don a ba shi nonon da uwa ta tatsa: yaron da ke numfashi sau 70 a minti ba zai iya tsotsa ya haɗiye ba tare da ya shaƙe ba.

Matsala ta biyu mutane ne. A wani asibitin gunduma da ke Salima, a Malawin dai, an gwada na'urar kumfa a kan yara masu ciwon huhu, 'yan wata ɗaya zuwa ƙasa da shekara biyar, inda babu likita mai duba su kullum. Sakamakon da ya fito a 2019 ya girgiza masana: kashi 17 na waɗanda aka sa wa na'urar sun rasu, na oksijin kaɗai kashi 11. Ba bakwaini ba ne waɗannan yara, amma darasin ya shafe mu. Na'ura ba ta tsotse majina, ba ta gyara bututu, ba ta lura cewa hanci ya fara ciwo. In nas ɗaya ce ke riƙe da ɗakin haihuwa da ɗakin yara da dare, kawo na'ura goma bai ƙara komai ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba na goyon bayan masu cewa a sayo wa asibitocin ƙananan hukumomi babbar na'urar da ke numfasa wa jariri gaba ɗaya. Waccan sai an zura bututu cikin maƙogwaro, sai da gwajin jini a kai a kai, da ƙwararre a tsaye dare da rana, da wutar da ba ta ƙiftawa. Wurinta Gusau da Sakkwato. Kuɗin guda ɗaya zai yi wa ɗakin jarirai na Anka ko Gummi abubuwa masu yawa da za su yi aiki tun daga daren farko.

Wuta kuwa ba sai na yi dogon bayani ba. Injin da ke tace oksijin daga iskar ɗaki ya fi tukunya sauƙi a wurin da hanya ke da wuya, don ba ya ƙarewa, amma in wuta ta ɗauke ya tsaya. Ya kamata ya zauna a kan sola mai batir da zai kai shi asuba, da tukunya cike a ajiye a gefe saboda ɓacin rana. Kuma ƙurar hunturu na toshe matacinsa; wanke shi aikin minti biyar ne, rashin wankewa kuwa shi ya kwantar da injuna da yawa a kusurwar sito.

Yanzu bari in shiga gonata, wato magani, don a nan ne asara ta fi ba ni takaici.

Maganin farko ba jariri ake ba, uwa ake yi wa. Sunansa deksametason. In mace ta fara naƙuda ko faya ta fashe tsakanin mako 24 da 34, ana yi mata allurarsa, miligiram 6 duk bayan awa 12, sau huɗu. Yana ratsa mahaifa ya gaggauta wa huhun jariri yin ruwan santsin nan. Wani likita a Niyuzilan, Graham Liggins, shi ya fara lura da haka a jikin tumaki, ya kuma tabbatar a kan mata a 1972. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gwajin da ta yi a asibitoci 29 na ƙasashe biyar, har da Nijeriya: mutuwar jarirai ta sauka daga kashi 23.5 zuwa 19.6. Allura ce da ba ta kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

Na san da yawa daga cikinku kun san wannan magani ta wata fuska, don ƙwayarsa na cikin abin da ake sayarwa a kemis da sunan sha-ka-fashe. Saboda haka ne ma nake jan kunne. Kafin wancan gwaji an yi wani, wanda aka buga a 2015, inda aka raba allurar har ƙananan wurare a ƙasashe shida, ana yi wa duk wadda aka zaci za ta haihu da wuri. Mace-macen jarirai sai suka ɗan ƙaru, cututtukan bayan haihuwa ga iyaye ma haka, domin da yawa cikin matan cikinsu ya riga ya kusa cika, maganin kuma yana raunana garkuwar jiki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allurar na amfani ne in an san makon cikin da tabbaci, an ga haihuwa ta kusa, uwa ba ta da zazzaɓin ƙwayar cuta a mahaifa, kuma akwai inda za a kula da jaririn. Ba aikin mai kemis ba ne, ba na ungozoma ba ne a tsakar gida. Kuma a nan ne hoton ciki na farko yake da daraja: wanda aka ɗauka kafin mako 24 shi ke faɗin shekarun ciki daidai. Wadda ta fara zuwa awo a wata na takwas ta rufe wa kanta wannan ƙofa.

Magani na biyu zai ba ku dariya: kafin, wato sinadarin nan da ke cikin goro da gahawa mai hana barci. Bakwaini yana da wata matsala ban da ta huhu. Sashen ƙwaƙwalwar da ke tuna masa ya numfasa bai nuna ba, sai ya yi shiru na daƙiƙa 20 ko fiye, bugun zuciya ya ragu, jiki ya saki. Kafin na asibiti yana farkar da wannan sashe. Ana farawa da miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin jariri, sannan 5 zuwa 10 sau ɗaya a rana. Babban gwajin da aka yi a kan jarirai kusan dubu biyu, wanda aka buga a 2006, ya nuna yana rage kwanakin da suke yi a kan na'ura da kuma lalacewar huhu mai daɗewa. Yana cikin jerin magungunan dole na yara na Hukumar Lafiya ta Duniya. Duk da haka a asibitocinmu da yawa ba ya kan kanta, ko kuma tsadarsa ta fi ƙarfin uba manomi. Sai a koma ga aminofilin, wanda ke aiki, amma tazarar da ke tsakanin amfaninsa da gubarsa ƙanƙanuwa ce. Kwalbar allurarsa ta manya ce, miligiram 250 a cikin mililita 10. Jariri mai kilo 1.2 abin da zai fara da shi bai kai kashi ɗaya bisa uku na mililita ɗaya ba. Ku yi tunanin auna wannan da ƙarfe uku na dare, da hasken waya. Kuskure kaɗan, zuciya ta hau gudu, amai ya biyo, har jijjiga. Ni a ganina, gwamnatin jihar da ta sa kafin cikin magungunan da take saya da yawa tana rabawa ta yi wa bakwaini abin da kwalba ashirin ba su yi ba. Sai dai ku ji ni da kyau: ba a jiƙa goro ko gahawa a ɗura wa jariri. Wanda ya yi haka zai iya kashe shi.

Shi kuwa safaktan na kwalba, wanda ake zubawa cikin huhu kai-tsaye, yana aiki ƙwarai, amma yana da tsada mai yawa, yana buƙatar firji da hannun ƙwararre. In an tura ku babban asibiti aka rubuta shi, ku sani ana samo shi ne daga huhun dabba, wani na saniya wani na alade, kuma hakkinku ne ku tambayi wanne ke akwai. Yawancin jariran da suka samu allurar uwa da na'urar kumfa da wuri ba sa kai wa ga buƙatarsa.

Akwai abin da ya sa na ambaci Bagega da suna. Kowa a nan ya san 2010, shekarar da gubar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo ta buɗe wuraren magani. Bagega ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai 2013. Yarinyar da take da shekara biyar a lokacin yau ta kai ashirin, wataƙila tana ɗakin miji da ciki. Dalma ba ta barin jiki da sauri. Tana shiga ƙashi ta zauna shekaru masu yawa. In ciki ya shiga, jiki kan ɗebi sinadarin kalsiyam daga ƙashin uwa don gina na ɗa, dalmar sai ta biyo shi cikin jini, ta kuma ratsa mahaifa. An san tana ƙara haɗarin hawan jini ga mai ciki, da haihuwa kafin lokaci, da ƙarancin nauyin jariri. Ba ina cewa duk 'yar Bagega za ta haifi bakwaini ba. Ina cewa in kin tashi a ɗaya daga cikin waɗannan ƙauyuka, balle in an taɓa ba ki maganin dalma kina ƙarama, ki faɗa a ranar awo ta farko, a riƙa auna jininki da kulawa, ki kuma sha kalsiyam in an ba ki, don yana rage abin da jiki ke ɗiba daga ƙashi. Kada a niƙa dutse a cikin gida, kada tufafin wurin haƙa su kwana a ɗakin mai ciki, kuma wadda ciki ya sa wa kwaɗayin cin ƙasa ta yi yaƙi da shi. Kwallin dutse da ake ranɗa wa jariri a ido shi ma sau da yawa dalma ce tsagwaronta.

Sai hanya. Ba na buƙatar in gaya wa mutumin Bagega abin da fita da dare ke nufi a shekarun nan. Amma wannan hali shi ya ƙara wa maganata ƙarfi: mafi aminci a kai jariri asibiti yana cikin uwarsa. Ciwon mara mai zuwa yana dawowa kafin wata tara, zubar ruwa, ganin jini, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, duk waɗannan na tafiya ne tun rana na sama, ba na a ga abin da gobe za ta yi ba. Maigida, ka ba da izinin fita tun ciki na ƙarami, ka faɗa a gaban mahaifiyarka, ka ajiye kuɗin mota a hannun wanda ke gida, don naƙuda ba ta jiran ka dawo daga daji ko kasuwa. Wadda ta taɓa haihuwar bakwaini, ko aka ce tagwaye ne, in akwai dangi a Anka ko Gummi, ta koma can ta zauna tun kafin lokaci.

In kuwa haihuwa ta riga ta zo a gida, a goge shi da busasshen zane, kada a yi masa wanka, a kwantar da shi tsirara a tsakanin nonon uwa, fata na taɓa fata, a sa masa hula, a ɗaure su tare da zane, a kama hanya a haka. Sanyi na cinye ɗan ƙarfin da yake numfashi da shi. Wannan goyon ƙirji a Bogota ta Kolombiya aka fara shi a 1978, saboda ƙarancin kwalba. A 2021 aka fitar da gwajin da aka yi a ƙasashe biyar, har da asibitin koyarwa na Ile-Ife, a kan jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8: waɗanda aka ɗora a ƙirji nan take, tun ba su daidaita ba, kashi 12 suka rasu a watan farko, waɗanda aka fara ajiyewa su daidaita kuwa kashi 15.7. Wasu suna ƙirjin uwa da bututun na'urar kumfa a hancinsu. In uwa ta gaji ko tana jinya, ƙirjin kaka ko gwaggo ko uba duk ɗumi ne. Abin da ba a so shi ne kaskon garwashi da turaren wuta a rufaffen ɗakin mai jego. Hayaƙin da babba ke tari saboda shi, huhun bakwaini ba zai ɗauka ba.

Wani zai ce, a yankin da tamowa da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro ke ɗibar yara, ina ake ta bakwaini? Tambaya ce mai nauyi, amma injin oksijin da solar da za a kafa domin bakwaini su ne dai za su ceci mai ciwon huhu da mai ƙyanda da matar da ta zubar da jini. Kuma Bagega ta taɓa ganin abin da matsin lamba ke yi: kuɗin kwashe ƙasar nan sun daɗe a maƙale, sai da aka yi ta kiraye-kiraye, har da gangamin da su Hamzat Lawal suka yi a intanet, kafin gwamnatin tarayya ta sake su a farkon 2013. Saboda haka in ɗan majalisa ko kansila ko wata ƙungiya ta tambayi kwamitin lafiya na mazaɓa me ake so, kada a ce kwalba a yi shiru. A ce na'urar kumfa mai gauraya iska, da ma'aunin iskar jini mai maɗaurin jarirai, da sola mai batir, da kafin a sito, da nas ta biyu a aikin dare. A kuma tambayi wanda zai gyara kayan in sun lalace, da garin da yake zaune.

Saura magana ɗaya, ta ranar suna. Sau da yawa kwana na biyar ko na shida ne uba ke zuwa ya ce a sallame su, an riga an sayi rago, an gayyaci jama'a. A daidai lokacin kuwa yaron ya fara samun kansa, kumfa na tashi, ana rage masa iska kaɗan-kaɗan. Cire shi a ranar na iya mayar da aikin mako guda baya cikin awa ɗaya. Liman zai iya raɗa suna a ƙofar gida, a yanka rago, a raba goro, mai sunan yana kwance a ƙirjin uwarsa a asibiti. Taron mata kuma a ɗaga shi zuwa ranar da suka dawo. In an sallame ku, ku riƙe takardar da ke nuna makon da aka haife shi da kwanakin da ya yi a kan oksijin, ku kai wa likitan ido ya duba bayan idonsa a wajen kwana 30 da haihuwa, ko da kuwa kuna ganin idon garau yake.